Hayaƙi a Kogon Cinor

Ranar da mutanen tsallake suka fara zuwa Lambun Mirzo, Apa Sabohat mai shayi ta cika wa shugabansu ƙoƙon shayi har baki. A garinmu Sangob ko yaro ya san ma'anar wannan. Baƙon da ake so, ɗan kaɗan ake tsiyaya masa, don ya yi ta miƙo ƙoƙo ana ƙara masa ana hira. Wanda aka cika wa kuwa, an ce masa ne ya sha ya kama gabansa. Su ma can tsallaken iyaka haka al'adar take, saboda haka kada wani ya ce mini mutumin bai gane ba. Ya gane sarai. Ya dubi ƙoƙon, ya dubi Apa Sabohat, ya yi ɗan murmushi, ya shanye abinsa.

Sunansa Ergash, daga garin Aktepa na Uzbekistan, wai shi likitan itatuwa ne. Dogo ne siriri, ga furfura ta fara masa, ga yawan shiru. Shirun nan nasa ne ya fara ba Apa Sabohat haushi, don ita a wurinta mutumin da ba ya magana lissafi yake yi.

Lambun Mirzo namu da Lambun Begim na Aktepa sarki ɗaya ne ya dasa su, tun zamanin da babu iyaka tsakanin garuruwan biyu. Da aka buɗe boda bayan ta daɗe a rufe, sai manyanmu da nasu suka ƙulla yarjejeniya: a gyara lambunan tare, a sa mota ɗaya ta riƙa ɗauko 'yan yawon buɗe ido, su yi hantsi a nan su yi la'asar a can. Mu muka tura musu magina, don mun fi su iya katanga. Su kuma suka turo mana Ergash da mutanensa su duba itatuwa.

To a Lambun Mirzo, in an ce itace, cinor ake nufi, wata ƙatuwar tsohuwar bishiya mai faɗin ganye. Sauran duk 'yan rakiya ne. Babu wanda ya san shekarunta. Maza shida in sun riƙe hannu da ƙyar su zagaye gindinta. A ƙarƙashinta Apa Sabohat ke sayar da shayi, a kan gadajen katako da surukinta ya kafa, mijinta Davlat ya gada, ita kuma ta riƙe bayan rasuwarsa. A inuwar nan aka fara kawo mata gaisuwar aure, a inuwar nan aka yi sadakar arba'in ɗin mijin. Ba ta cewa "bishiyar lambu". "Tsohuwata" take ce mata.

Akwai cinor a Aktepa ma, amma kowa ya san ba ta kai tamu ba.

Da Ergash ya gama shan shayinsa sai ya tashi ya zagaye bishiyar. Ya shafa ɓawonta. Ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Sannan ya fito da igiyar awo ya sa mutanensa suka zagaya ta da ita.

"Na yi yawo," in ji shi, "ban taɓa ganin irinta ba. Kai, wannan ta yi kyau."

Apa Sabohat ta kasa kunne tana jiran ya ce Masha Allah. Bai ce ba. Ita ta faɗa a madadinsa, da ƙarfi yadda zai ji, ta tofa a gefen hagunta.

Aka Nazrullo, mai unguwarmu (Aka a wurinmu laƙabin girma ne na maza, kamar Apa ga mata), yana zaune a gadon da ya saba zama, yana gutsurar gurasa. Shi ne ya yi ta kai da kawowa har aka sa hannu a yarjejeniyar, don haka a kwanakin nan tafiyarsa ma ta sauya.

"Apa, me kuma ya faru kike hararar baƙinmu?"

"Ka ga yadda ya auna ta? Yaushe ake auna mai rai daga kai har ƙafa, in ba likkafani za a yanka masa ba?"

Aka Nazrullo ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Ke kam ko mala'ika ya sauko sai kin duba aljihunsa."

"Yi dariyarka. Amma ka amsa mini wannan. Baƙin nan da za a kawo, me za su zo gani a Sangob? Fuskarka?"

"Cinor mana."

"To in babu ita, wacce ce babba a duk kwarin nan?"

Ya ce, "Ta Aktepa."

"To ka gani. Kuma mutumin Aktepa ka ɗauko ka ba shi wuƙa ka ce ya yi mata magani. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

Aka Nazrullo ya ce zato zunubi ne, ya miƙa ƙoƙonsa. Amma masu shan shayi a sauran gadajen sun ji, kuma maganar Apa Sabohat ba ta kwana a inda aka faɗe ta.

Ba a yi nisa ba ta samu abin da take nema. Ƙarshen sanyi ne, ganye bai fito ba tukuna. Ta zo da safe za ta hura wutar samawar, babbar tukunyar shayinta, sai ta tarar da Ergash a kan tsani da almakashi a hannu. Yana yankan ƙananan rassa siraru, yana miƙo wa wani a ƙasa, ana naɗe su a jiƙaƙƙen buhu.

"Ergash-aka," ta ce, muryarta a sanyaye, wanda duk mai hankali ya san ya fi faɗanta haɗari, "ina za a kai waɗannan?"

Ya sauko. "Gandun renonmu na Aktepa, Apa. Za mu kafa su su yi saiwa. Tsohuwar nan ba ta da lafiya, cikinta ya ruɓe fiye da yadda ake gani. Ya kamata a ce tana da 'ya'ya, ko da wani abu ya faru. In sun yi ƙarfi za mu dawo muku da su."

"Me zai faru?"

"Ban ce zai faru ba."

"Kai ka ce ko da. Ni tun ina amarya nake zaune a nan ban taɓa jin wanda ya ce mata ko da ba. Kuma mu ba mu da ƙasa ne a Sangob, da sai an kai 'ya'yanta tsallake?"

"Ba ku da gandun reno. Akwai izini, hukumominku da namu duk sun yarda."

"Ɓarawo ma da izinin zuciyarsa yake shiga gida."

Wallahi ta faɗa masa haka a gaban mutanensa. Fuskarsa ta yi ja. Ya ɗauki buhun ya sa a mota. Kafin azahar duk kasuwa ta ji cewa mutanen tsallake sun kwashe irin cinor, kuma wanda bai gani ba ya fi wanda ya gani iya ba da labarin.

Sai kuma maganar siminti. A gindin bishiyar akwai wani kogo babba, wanda aka toshe da siminti da tubali tun zamanin Rashawa. Mu duk a haka muka taso muka gan shi, har muna jingina da shi. Ergash ya ce simintin ne ke cutar da ita: yana riƙe danshi, ruɓa na ci daga ciki, babu iska. Ya kawo guduma da kurfi, suka yi ta fasa shi a hankali suna kwashewa. Kowane bugu Apa Sabohat a ƙirjinta take jin sa. Da suka gama sai ga kogo baƙi ƙirin, mutum zai iya shiga ya tsaya, in ya ɗaga kai ya hango ɗan haske can sama.

Suka kankare abin da ya ruɓe, suka sassare wasu manyan rassa da ya ce sun mutu. Inuwa ta ragu. Gado biyu na Apa Sabohat suka koma cikin rana.

Daga nan Ergash ya kafa turaku ya zagaye gindin da igiya. Ya zo ya same ta da kansa, ya tsaya da hannu a ƙirji kamar yadda ake yi wa babba.

"Apa, alfarma nake nema. A matsar da samawar can gefen katanga. Cikin nan zai bushe yanzu, in zafi ya shigo zai zama kamar auduga. Ko tartsatsi ɗaya bai kamata ya zo kusa ba. Kuma kada kowa ya tsallake igiyar nan."

"Har ni?"

"Har ni ma, in ba aiki ba."

Ta matsar da samawar, don Aka Nazrullo ya sa baki. Amma a ranta ta gama haɗa lissafinta. Da farko ya yabe ta da busasshen baki. Sannan ya auna ta. Ya kwashe 'ya'yanta. Ya farke mata ciki. Yanzu kuma ya kori mai tsaronta ya ja igiya. Ruwa ba ya tsami banza. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ta ji lokacin da likitoci suka fara yi wa Davlat magana a hankali.

To mu maganin kambun baka a wurinmu isfand ne. Busasshen haki ne mai 'ya'ya, a zuba a kan garwashi a ƙaramin kasko mai mariƙi, ya yi ta fashewa yana hayaƙi. Ana zagaya wa jariri, ana zagaya wa amarya, da sabuwar mota, da saniya mai madara. Apa Sabohat dama kullum tana zagaya gadajenta da shi kafin ta fara ciniki. Me zai hana ta yi wa tsohuwarta, wadda baƙin idanu ke kanta safe da yamma?

Da farko a bayan igiya take tsayawa ta kaɗa hayaƙin. Sai ta ga iska na kwashe shi banza. Wata safiya, kafin ma'aikata su iso, ta ɗaga ƙafa ta tsallake igiyar, ta ajiye kaskon a cikin kogon. Hayaƙin ya miƙe sama ɗoɗar ta cikin bishiyar, ya fita ta can ƙololuwa. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Ta ce yanzu ne magani ya shiga jiki. Daga ranar kullum haka take yi, ta jira ya cinye, ta ɗauke kaskonta.

Wata rana Ergash ya shiga kogon ya fito yana shinshina hannun rigarsa. Ya zo wurinta.

"Apa, akwai mai shiga nan da wuta?"

"Ni mai shayi ce, ba mai gadi ba."

"Ina jin ƙanshin isfand a ciki."

"Duk lambun nan ƙanshin isfand yake. Ko shi ma za ka ja masa igiya? Ko dai damunka yake yi?"

Masu shan shayi suka kwashe da dariya, don an san wanda hayaƙin isfand ke damu. Ergash ya dube ta kamar zai ƙara magana, sai ya ce kawai, "Don Allah, Apa." Ita kuwa wannan roƙon ya ƙara tabbatar mata cewa maganin na cin sa.

Abin da ya kamata ta lura da shi, ba ta lura ba. Bazarar nan cinor ta yi ganyen da ta daɗe ba ta yi ba, manya, kore shar. Aka Nazrullo ya nuna mata. Ta ce, "Na sani," tana murmushi, don ita ta san wa ya yi aikin.

Can tsakiyar zafi aka sa ranar da manyan ɓangarorin biyu za su zo duba aiki, tare da motar farko ta 'yan yawon buɗe ido. An share lambu, an wanke maɓuɓɓugar ruwa, an ɗora tukunyar osh, dafa-dukanmu na biki, tun asuba, ƙanshin shinkafa da karas da naman rago ya cika unguwa. Apa Sabohat ta tuna yawan idanun da za su hau kan tsohuwarta a yinin nan, na gida da na tsallake da na Turawa masu ɗaukar hoto, waɗanda ko Masha Allah ba su taɓa ji ba. Ta cika kaskon da garwashi fiye da kullum, ta zuba isfand tafi biyu.

Tana tsugune a bakin kogon sai ta ji ƙarar motar ma'aikata a ƙofar lambu. Sun yi sammako. Ta fizgo kaskon da sauri, ya karkace, garwashi ya zube. Ta tattake wanda ta gani da takalminta, ta tura ƙasa a kai, ta tsallako igiya tana gyara ɗankwali. Ta waiga sau ɗaya. Ba ta ga komai ba.

Baƙi suka zo da hantsi. Aka yi jawabai, Aka Nazrullo ya yi nasa ya ƙi ƙarewa. Turawa suka yi ta ɗaukar hoto. Aka zauna cin osh. Apa Sabohat na ta zuba shayi, yau kam har na Ergash ba ta cika sosai ba, don tana ganin ta yi nasara a kansa.

Wata Baturiya ce ta fara nuna sama. Ta ɗauka wani abin al'ada ne aka shirya musu, har ta ɗaga na'urarta. Hayaƙi ne siriri ke fita daga ƙololuwar cinor.

Butar shayi ta suɓuce daga hannun Apa Sabohat.

Ergash ne ya fara isa. Ya tsallake igiyarsa ya leƙa kogon, zafi ya koro shi. Aka yi ta ɗebo ruwa daga maɓuɓɓuga da bokiti da tukwane, har da samawar aka juye. Amma bishiya mai rami in ta kama daga ciki, iska take ja ta ƙasa tana hura kanta. Kafin motar kashe gobara ta ratso lungunan tsohon gari, wuta na fita ta sama tana ruri. Ergash ya ƙone hannu yana ƙoƙarin toshe bakin kogon da jiƙaƙƙun katifun gadajenta. Da la'asar babban reshen gabas ya faɗo a kan gadon da marigayi Davlat ya saba zama.

Abin da ya rage baƙin kututture ne, tsayin ɗaki, yana hayaƙi har washegari.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Amma mutanen Sangob ba su nemi masaƙa ba, don an riga an nuna musu maƙera tun ƙarshen sanyi. Tun wutar ba ta mutu ba aka fara. Wa ya buɗe kogon? Wa ya busar da shi? Wa ya hana kowa matsowa don kada a ga abin da yake yi? Wa ya kwashe iri tun da wuri, kamar ya san abin da ke tafe? Wani ya rantse ya ga ɗaya daga cikin ma'aikatan da kwalba. Wani ya ce jarka ce.

Aka Nazrullo, wanda ya kawo su, shi ya fi kowa ɗaga murya, don ya wanke kansa. Ya zo gaban Apa Sabohat a cikin jama'a, idanunsa jajur.

"Apa, ki yafe mini. Kin faɗa, na yi miki dariya. Duk garin nan ke kaɗai ce mai ido."

Mata suka kewaye ta suna rungumarta suna kuka. Ta yi kuka ita ma, kuka mai tsanani, kowa ya ce na baƙin ciki ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Ta cikin kafaɗunsu ta hango Ergash zaune a bakin maɓuɓɓuga ana ɗaure masa hannu. Yana kallonta. Ba harara ba ce, kallo ne kawai. Ta jira ya buɗe baki. Bai buɗe ba. 'Yan sanda ne suka raka motarsu har boda, don kada matasa su jefe ta.

Aka dakatar da yarjejeniya, wai sai an gama bincike. Maginanmu suka dawo gida suka bar katanga rabi. Motar baƙi ba ta sake zuwa ba. Apa Sabohat ta kafa rumfar leda a gefen katanga tana sayar da shayi ga wanda ya zo, kuma duk wanda ya zo sai ya yaba mata hangen nesa. Kaskon isfand kuwa ta jefa shi a bayan tanderu. Surukarta, matar ɗanta, ta tambaye ta dalili, ta ce hayaƙi ya fara sa ta tari.

Ta yi ta zuba wa kututturen ruwa a ɓoye, ko zai tsiro ta gindi. Bazara ta zagayo, itatuwan tuffa da na tut duk suka yi ganye. Shi bai yi ba.

Ran wata kasuwar Aktepa ta ce wa mutanen gida za ta je sayen yadi. Ta shiga tasi zuwa boda, ta taka ta tsallaka, ta canja somoninta, kuɗin ƙasarmu, ta shiga wata motar. Ba ta ko kalli layin masu yadi ba. Ta tambayi hanyar Lambun Begim.

Ta wuce cinor ɗinsu ba ta ɗaga kai ba. A can ƙarshen lambu, bayan wata 'yar bukka, ta ga abin da ta zo nema. Layi ne na 'yan itatuwa, sun kai mata ƙugu, an baza musu busasshiyar ciyawa a gindi, an zagaye su da igiya. Ganyensu ya buɗe, mai yatsu biyar, irin wanda ta yi shekaru tana sharewa daga kan gadajenta.

"Sannu da zuwa, Apa."

Ergash ne a ƙofar bukkar. Bayan hannunsa na dama ya yi tabo fari. Ya shimfiɗa mata katifa a kan benci, ya kawo buta da gurasa. Ya tsiyaya mata shayi ɗan kaɗan a ƙasan ƙoƙo, ya miƙa mata da hannu biyu. Da ya cika mata shi, da ya fi mata sauƙi.

Suka gaisa, ya tambayi gida, ta tambayi iyali.

"Duka sun kama?" ta ce.

"Yawanci. Irinta mai ƙarfi ne."

"Ɗaya nake so. Ko mafi ƙanƙanta. Zan biya."

"Ba na sayarwa ba ne, naku ne. Tun farko na faɗa miki." Ya juya ƙoƙonsa a hannu. "Amma ba za su bar ki ki wuce boda da shi ba. Izinin da ya kawo su nan na yarjejeniya ne, ita kuma tana rataye. Sai an gama bincike."

"Yaushe za a gama?"

"Ranar da aka san abin da ya tada wutar."

Ta dubi shayinta. Tsohon halin ya motsa, don hali zanen dutse ne. "Kai me ya hana ka faɗa, in ka sani? Me kake jira? Me kake so a wurina?"

"Wa zai yarda da ni a Sangob, Apa? Mutumin tsallake ya nuna matar da duk gari ke rungume da ita?" Ya girgiza kai. "Ba na son komai. Abu ɗaya dai zan gaya miki. In suka ƙara shekara a nan, saiwarsu za ta yi nisa. Dole in dasa su a lambun nan, in ba haka ba su lalace."

Wani ya kira shi daga wajen famfo. Ya nemi gafara ya tafi.

Apa Sabohat ta tashi da ƙoƙon a hannu ta je bakin igiyar. Ta daɗe tsaye. Ta sunkuya ta miƙa hannu ta taɓa ganye ɗaya, mai laushi, da ɗan gashi a bayansa. Ba ta san lokacin da magana ta fita daga bakinta ba.

"Kai, kun yi kyau. Kun yi kyau, 'ya'yana."

Akwai wata mata mai sayar da gurasa a bakin hanyar lambu, sa'arta a shekaru, mai jan ɗankwali. Tun shigowar Apa Sabohat take bin ta da ido. Yanzu ta taso. A hannunta akwai ƙaramin kasko mai mariƙi, yana hayaƙi, 'ya'yan isfand na fashewa a ciki. Ta tsallake igiyar, ta sunkuya tana zagaya shi a gindin itatuwan, dab da busasshiyar ciyawar, idonta ƙyam a kan baƙuwar.

Apa Sabohat ta san kallon nan. Ba ta taɓa ganin sa daga wannan gefen ba.

Wani ɗan garwashi ya gangaro bakin kaskon. Kafin ta yi tunani ta watsa masa shayin da ke hannunta. Ya yi cuu, ya mutu.

Matar ta miƙe a hankali. "Daga ina kike, 'yar'uwa?"

"Daga Sangob."

"Dama na ce. Tun daga tafiyarki na gane." Ta kaɗe ruwan daga kaskon. "Kun cinye taku, kun ɗora wa bawan Allah laifi, yanzu kuma kin zo kina taɓa namu kina yabo da busasshen baki. Har da kashe mini hayaƙi. To ina nan, ina ganin ki."

Apa Sabohat ta buɗe baki za ta ce ba naku ba ne. Ta dubi layin itatuwan, ta dubi ƙasar da suke tsaye a kai, ta rufe bakinta.

Matar ta koma wurin tanderunta ta ɗebo sabon garwashi, ta dawo tana hura shi.

"Riƙe shi nesa da ciyawar," in ji Apa Sabohat. "Don Allah."

"Ke za ki koya mini? Matsa baya."

Ta matsa baya, ta tsaya a bayan igiya da ƙoƙonta babu komai a ciki.